Kunnen 'Yar Mai Faci

Ƙarfe bakwai, Suame ta soma kaɗa guduma,
na tura ƙofar ɗakin awo na tarar da shiru.
Na'urar da ke shawagi bisa faifan baƙin dutse,
wadda ba ta taɓa taka shi ba,
iska ke goye da ita, ratar ba ta kai silin gashi ba,
yau ta zauna daɓas kamar jakin da ya ƙi kaya.
Jar fitila na ƙiftawa.
Allurar ma'auni ta sunkuya ƙasa da huɗu,
alhali biyar da rabi ne abincinta.

Masta Boakye ya leƙo, mabuɗan mota a yatsa:
"Zinatu, fistin arba'in na mutanen Obuasi,
kafin la'asar."
Na ce to. Me zan ce?

Na zagaya baya wurin kwampreso.
Yana gurnani, bel ɗinsa lafiya, wuta ba ta yi mana halinta ba.
Na murɗe famfon gindin tanki,
sai ga ruwa ja kamar na tsatsar kwano,
daminar Kumasi ce ta kwana a ciki ba haya.
Na bar shi ya tsiyaye a kan takalmina.
Na kwance matata, ta yi baƙi, tana naso da mai,
na sa sabuwa, ta ƙarshe a cikin durowa.

Allura ta tashi. Huɗu. Huɗu da rabi. Biyar.
Har na buɗe baki zan yi hamdala,
ta yi tsaye, ta yi tunani,
ta sulale.

Masta ya ce a kira injiniya daga Accra.
Kuɗin mansa kaɗai ya fi albashina.
Na ce a ba ni rabin sa'a.

Baba Mumuni, Allah ya jiƙansa,
shekara talatin yana faci a bakin titin Aboabo,
da baho ɗaya na ruwan da ya manta launinsa.
Yakan danna tib a ciki, ya juya shi a hankali,
ni ina tsugune riƙe da kwalbar gam.
"Iska ba ta iya sata ba," in ji shi,
"duk inda ta bi sai ta yi fito."

Na ce Kwadwo ya kashe rediyo.
Na kashe na'urar sanyi, na rufe ƙofa.
Na durƙusa, kunne a jikin tiyo,
ina bin sa taƙi-taƙi kamar mai neman allura a tabarma.
Na kaɗa garin sabulu a murfin kwano,
na shafa wa kowace gaɓa.
Ta farko shiru. Ta biyu shiru. Ta bakwai ma.
Gwiwata ta soma ƙorafi.

Sai can, bayan kabad ɗin ƙarfe,
wani siririn tsaki.
Ƙafar kabad ta danne tiyo, ta tsaga shi,
tsagar ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba.
Kumfa ta kumbura, ta fashe, ta sake kumbura.
Kwadwo ya sosa ƙeya.
Ranar Juma'a ya matsar da shi don shara.
Ban ce masa komai ba, na miƙa hannu ya ba ni wuƙa.

Biyar da rabi. Ta tsaya cak.
Na ɗora ɗan yatsa ɗaya
na tura rabin tan, ya tafi sumul.
Jan ƙwallon bakinta ya sumbaci fistin na farko,
lambobi suka zubo.

Da yamma na sauka a Aboabo.
Inda Baba ke zama, wata na sayar da katin waya.
Bahon yana gida.
Inna ke jiƙa wake a ciki.