Gidan da Ƙofarsa ke Ƙasa

A bakin kogin Ebro, inda ruwa ke gajiya
ya bazu cikin gonakin shinkafa kafin ya kai teku,
ina da aji ɗaya, yara goma sha ɗaya,
babbansu bai cika shekara bakwai ba.

Tsoho Cinto kafinta ya zo da katako a bayan keke,
da zarto, da ƙusoshi cikin gwangwanin zaitun.
Ya ce yau jemagu za mu gina wa gida.
Queralt ta toshe hanci.
Biel ya ce kakarsa ta ce suna shiga gashin mutum.
Cinto ya tuɓe hula, ya shafa sanƙonsa,
ya ce, "To ni dai na tsira."

Zarto nasa ne, babu mai taɓawa.
Namu aikin karce katako,
kowa da ƙusa ɗaya a hannu,
layi bayan layi, don ƙananan farata su sami makama.
Layin Jofre ya miƙe sambal.
Na Aina ya yi ta yawo har ya zama kifi.
Cinto ya duba, ya ce a bar shi,
jemage ba ya ba da maki.

Guduma ta fi ƙarfin hannu ɗaya,
sai biyu-biyu suke ɗagawa.
Ƙusa uku sun shiga, huɗu sun lanƙwashe,
bugu ɗaya ya sami babban yatsana,
na haɗiye abin da ya zo mini baki.

Ina taga? Babu.
Ina gado? Babu.
Ƙofa fa? Ga ta a ƙasa, 'yar tsaga, faɗin yatsa.
"Ai za su faɗo!"
Ba sa faɗowa, kai ƙasa suke kwana.
Kafin in rufe baki duk sun duƙa
suna leƙena ta tsakanin ƙafafu,
fuskoki sun yi jawur,
suna dariyar malama mai tafiya a rufin ɗaki.

Ferran bai duƙa ba.
Shi dama magana tsada take masa.
Ya zana wata da sauro ɗaya a 'yar takarda,
ya manna a ciki, a juye.
Na miƙa hannu zan gyara, ya riƙe mini riga:
"Haka za su gani daidai."

Aka ɗaga gidan a kan doguwar sanda
a gefen gona, yana fuskantar hantsi.

Washegari suka tambaya. Jibi suka tambaya.
Aka girbe shinkafa, sanyi ya zo ya wuce,
haƙoran gaba suka zube, wasu suka tsiro.
Baban Ferran ya sami aiki a Lleida,
mota ta kwashe su da katifa da kare,
kujerarsa ta koma wurin ajiye jakunkuna.
Tambaya ta ragu, ta ragu, ta ɗauke.
Ni ma na daina ɗaga kai in na wuce.

Ran nan da safe Queralt ta shigo a guje,
ita da ta toshe hanci,
tafinta cike da baƙaƙen ƙwayoyi kamar ƙonanniyar shinkafa.
"A gindin sandar na tsinta!"

Da almuru muka taru, har da iyaye,
sauro na cin rabonsa a ƙafafunmu.
Shiru.
Sai wani abu ya suɓuto daga tsagar
kamar guntun takardar da ta sha wuta,
ya buɗe, ya tafi.
Wani ya biyo. Wani.
Na ƙirga sha tara.
Biel ya ce ashirin da uku,
hannunsa ɗaya a ka, sannu a hankali ya sauke.

Da safe muka rubuta wasiƙa,
yatsu goma suka dangwala fenti a ƙasanta:
Ferran, sun zo.
Ba mu buɗe ba, Cinto ya hana,
amma watanka na nan ciki.