Sallama da Tsohon Firji

Shekara tara kana bayan motata,
ɗaure da ƙusa huɗu a gefen katifar da nake kwana,
kai da tukunyar gas ɗinka
da 'yar wutarka shuɗiya
wadda ko tari na yi sai ta mutu.

Mulkinka ya fi ƙarfina.
Ba ka sanyi sai mota ta tsaya daidai wa daida,
to ina shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin Pitowa da Gidar?
Na sha durƙusawa ina cusa duwatsu ƙarƙashin taya,
ina ɗora kofin ruwa a kanka in ga ko ya karkata,
yaran ruga suna leƙe,
suna raɗa wai likitan shanu yana tsafi.

Ka tuna Larabar nan a gindin dutsen Tingilin?
Tsakiyar bazara, ko ƙadangare ya nemi inuwa.
Arɗo Hammajoda ya tara shanu ɗari da sittin tun asuba,
an ɗaure maruƙa, an kira maƙwabta.
Na buɗe ƙofarka,
ɗumi ya bugi fuskata kamar numfashin akuya.
Kwalba arba'in ta rigakafi ta zama ruwan banza.
Arɗo bai ce uffan ba.
Ya dubi kwalaben, ya dube ni,
ya sa aka kawo mini nono a ƙwarya.
Wallahi nonon ya fi cikinka sanyi.
Shirun nan nasa har yau yana bina.

Sau nawa na kai ka wurin Tanimu mai gyara a Garwa?
Ya kife ka kwana biyu, kai a ƙasa, gindi a sama,
ya ce ruwan cikinka ne ya kwanta.
Ka yi mako guda kana aiki
kamar yaron da aka ja wa kunne,
sannan ka koma gidan jiya.

To, na ƙirga jaka ɗari da ashirin,
kuɗin kwanon rufin ɗakinmu.
Ladidi ta ce damina ba ruwanta da firji,
ta juya mini baya kwana uku.
Na sayo ɗan akwati mai marfi a sama da hannu biyu,
bai fi kwandon tumatir girma ba.
Batir ne a cikinsa.
Yana shan wuta daga mota in muna tafiya,
in mun tsaya ya sha daga faifan rana a kan rufi.
Yana da 'yar taga mai nuna lamba: huɗu.
Na bi ramukan hanyar Lagdo, huɗu.
Na tsaya a karkace da gangan, huɗu.
Cikin dare na tashi sau uku da tocila,
ya dube ni da korayen idanunsa, huɗu.
Na rasa abin yi da hannuwana.
Ban saba da abin da ba a lallashi ba.

Kuma yana sauka ƙasa!
Inda yashi ya hana mota,
sai in ɗaure shi a bayan babur,
ko mu hau kwalekwale mu ƙetare Binuwai,
yana gurnani a hankali tsakanin ƙafafuna.

Yau Tanimu ya kwance ka.
Ka bar ramuka huɗu a daɓen mota,
ta cikinsu ina ganin hanya tana gudu.
Ban sayar da kai ba.
Kana tsakar gida, Ladidi ta zuba maka sukari da garin rogo,
ta ce ko ba komai tururuwa ba ta shigarka.
Ka samu aikin da ba ya son sanyi.

Gobe da sassafe zan koma gindin Tingilin.
Kwalba arba'in na jera,
na bar wuri a gefe don gorar ruwa guda.
Zan miƙa wa Arɗo ita tana raɓa,
ni ma ba zan ce komai ba.