Mai Kiwon Sauro

A Idi-Araba, mai kiwon sauro ake ce mini.
Kakana shanu ya koro daga Arewa zuwa Ikko,
wata biyu yana tafe da sanda a kafaɗa.
Ni garkena yana cikin kejin raga,
a bene na biyu, a Yaba,
inda ake tuɓe takalmi a sa farar riga.

Da sassafe nakan shiga danfo.
Ruwan daren jiya bai janye ba,
kwata ta tumbatsa har bakin shagon mai burodi.
Kowa ƙazanta yake gani yana ɗage wando.
Ni ɗakin haihuwa nake gani.

Ƙwan sauro bai kai rabin rabin ƙwayar gero ba.
Nakan jera su kamar mai zura tsakiya a zare,
in ɗauki allurar gilashi da ta fi gashin ido sirantaka,
in riƙe numfashi, in soka.
Dokta Morenike ta ce harafi ɗaya muke gyarawa
a wani dogon rubutu da ke naɗe a jikinsu,
don jikoki su fito maza, kusan dukansu.
Namiji kuwa ba ya cizo, ruwan fure ya ishe shi.
Cikin ƙwai ɗari, bakwai suka rayu ranar Talata.
Na jiƙa musu auduga da ruwan sukari.
Na kama kaina ina yi musu sannu.

Baba ba ya son zancen.
Bayan isha, yana lasar bakin zare a gaban keken ɗinki, ya ce,
"Tasalla, wanda ya halicci giwa shi ya halicci sauro.
Ke wace ce da za ki sa hannu a rubutunsa?"
Na ce, Baba, mangwaron da kake so ai aure aka yi masa.
Ya ce, "Mangwaro ba ya tashi sama.
In kin buɗe keji, wa zai kira su su dawo?
Jemage me zai ci? Kifin Makoko fa?"
Na yi shiru.
Amsar tana cikin takardun da ba a gama rubutawa ba,
kejin kuma ƙofa uku gare shi, duk a garƙame.

Abin da ban faɗa ba, ya fi ni saninsa.
Ilu. Shekara huɗu da wata biyar.
Daren Alhamis, jiki kamar garwashi,
Inna ta goya shi da jiƙaƙƙen zani,
ruwa ya cinye titi, mai babur ya ƙi tsayawa,
kafin mu ga fitilar asibiti idonsa ya juye.
Takalmansa na roba, shuɗɗa,
har yau suna ƙarƙashin keken ɗinki.
Baba na taka feda yini guda,
ƙafarsa ba ta taɓa gogarsu ba.

Yau ma an ɗauke wuta.
Fanka ta tsaya, igiyar leko ta ci rabi,
janaretan maƙwabta na ta tari.
Sai ga ta a kunnena da siririn gogenta.
Ba ta garkena ba ce, 'yar kwata ce, ba ta san Yaba ba.
Na tafa. Na haska waya.
Jini a tafina, ban san na wane ne ba,
nawa, ko na Baba,
ko na jaririn Iya Basira da ke ɗakin gaba.

Daga bayan labule ya ce, "Kin same ta?"
Na ce na same ta.
Ya daɗe bai ce uffan ba,
har na ɗauka barci ya sace shi.
Can sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa:
"Bakwai ɗin nan naki,
sun ci abinci yau?"