Goma da Balbela a Kafaɗa

Ni Arzika, albasa nake nomawa a Aliero,
da buhu na iya lissafi, da solo, da kwando.
Bara wani sifili ya sulale daga takardar dillali,
guda ɗaya tal, ɗan zobe da ba komai a cikinsa,
sai ga kuɗin buhu arba'in ya zama na huɗu.
Kwana uku ina zarya a tasha kafin a maido shi.
Tun ranar ban ƙara raina wofi ba.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Tumba ta jingina fitilar waya a jikin tulu,
tana rubuta goma, goma, goma,
kowace da 'yar lamba tsugune a kafaɗarta
kamar balbela a bayan sa.

Na ce, "Wagga 'yar ƙarama, mi taka yi nan bisa?"
Ta ce, "Baba, ita ke kiwon sifilai.
Ga goma, ga uku a samanta. Nawa ke nan?"
Na ce talatin.
Ta yi dariya har fitila ta kife.
"Ba tari ba ne, haihuwa ce.
Goma sau goma sau goma. Dubu."

Ta aike ni, ni da na haife ta,
in ɗauko tiyar iri daga bayan rudu.
Baƙin irin nan da nake ɓoyo tun kafin ruwa,
wanda atishawa ɗaya ke watsar da na kadada.
Ta ce mu ɗauka ƙwaya dubu ɗari huɗu ce a ciki.
Ta rubuta huɗu, ta jera mata sifili biyar,
sannan ta kora su duka turke ɗaya:
huɗu sau goma, biyar a kafaɗa.
Layin da ya kai tsawon kunya
ya dawo bai fi ɗan yatsa ba.

Sai ta lashi yatsa ta ɗago ƙwaya ɗaya.
"Wannan ma tana da nauyi, Baba,
sikelin kasuwa ne bai san ta ba."
Sifili, ɗigo, sifili, sifili, huɗu.
Ta ja ɗigon nan taki uku zuwa dama
yadda nake jan bakin tiyo daga fangali zuwa fangali,
ta sa wa balbelar 'yar sanda a gabanta.
Wai sandar na nufin gangara,
ana raba abu goma, a sake rabawa, a sake,
har ya kusa ɓacewa amma bai ɓace ba.

Ta haɗa su: yawan iri da nauyin ƙwaya.
Huɗu sau huɗu, sha shida, wannan ni na faɗa.
Balbelu kuwa ba a ninka su,
biyar ta biya bashin uku, saura biyu.
Na miƙe zan tafi, ta ce da saura.
Sha shida ba ta tsayawa a ƙofar ɗigo,
mutum ɗaya ake bari a zaure.
Ɗaya, ɗigo, shida. Biyun sama ta zama uku.
Kilo guda da rabi da 'yan kai.

Na ɗaga tiyar na jijjiga a hannuna.
Shekara talatin wannan nauyin na tare da ni,
ban taɓa sanin yana da suna ba.

Da asuba na fita ban-ruwa.
Taurari ba su gama watsewa bisa fadama ba,
na fara ƙirga su, na bari,
na ce wannan sai Tumba ta tashi.
Injin ya ƙi kamawa sai a ja na bakwai.
Cikin aljihuna akwai takardar dillali ta bana,
na ƙirga sifilanta sau biyu,
na ɗora musu 'yar lamba da gawayi.