Kobo Mai Huji

Ranar da damina ta ci bangon ɗakin Goggo Adda a Kumo
muka tsinci gwangwanin a gindin randa,
an naɗe shi da tsumman zani,
an ɗaure da zaren da ya daɗe da mutuwa.
Na girgiza shi. Ya amsa.

Anini goma sha bakwai, dari huɗu,
kwabbai masu huji a tsaka kamar idon kifi,
taro guda da ya lotse,
sai sisi biyu na azurfa, sirara kamar farce,
canjin da Bappa Jibir ya karɓo a fulotin auduga
tun jirgin ƙasa bai san hanyar Gombe ba.

Duk sun yi baƙi, wasu sun yi kore.
Ni kuwa a gidanmu
ko murfin tukunya ba ya kwana da dauɗa.
Na ɗebo toka, na matse lemon tsami,
na zauna bakin rijiya tun hantsi har la'asar
ina dirza, ina dirza,
sai da gemun sarkin Turawa ya fito fes a jikin sisi,
sai da yatsuna suka yi fari.

Ran Talata na shiga motar Gombe.
A tsohuwar kasuwa, tsakanin mai gyaran agogo
da mai yankan makulli,
nan rumfar Malam Bappayo take.
Ba ya sayen tumatir, ba ya sayen atamfa,
shekaru yake saye, ɗaya bayan ɗaya.

Na zazzage masa a kan buzu, suna walƙiya.
Ya manna gilashi a ido, ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ɗago: "Wa ya wanke su?"
Na ce ni ce, har da murmushina.
Ya ce, "Baiwar Allah,
kuɗin kika wanke, kika zubar a kwata.
Baƙin nan shi ne shaidar.
Wa zai yarda da tsohon da ya rina gemu?"

Ya ɗora sisin a sikeli irin na maƙeran fari,
ya faɗi kuɗin nauyi kawai,
abin da bai wuce mudu biyu na shinkafa ba.
Zan tashi ke nan ya ce in miƙo gwangwanin.
A lungun gindi, tsatsa ta riƙe wani anini,
baƙi ƙirin, wanda toka ba ta riske shi ba.
Ya zaro shi da tsinke, a hankali,
kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri.
Shi kaɗai ya taya
fiye da duk sauran a haɗe.

"In akwai saura a gida," in ji shi,
"kada ko numfashi ki hura musu."

Akwai saura.
Da na dawo na tsaya a tsakar gida na ɗaga kai:
kwanon zaurenmu, jeri bakwai,
kowace ƙusa ta ratsa ta cikin hujin kobo.
Haka Bappa ya yi rufinsa
lokacin da kobo ya fi wasar kanti araha.
Shekara sittin suna can,
rana na gasa su, ruwa na jiƙa su,
ba wanda ya taɓa tausaya musu da toka.

Ƙanena Hammadi har ya aro tsani da filaya.
Ya ƙirga tamanin da uku, yana lissafin babur.
Na ce to, in ka zare,
me zai riƙe kwanon in iskar gabas ta taso?
Ya ce a sa roba.
Muna cikin haka hadari ya haɗo.

Tsanin na nan jingine, yau kwana tara.
Sisi ɗaya na ƙi sayarwa, yana ƙullin haɓar zanina,
yana komawa baƙi sannu-sannu.
Na bar shi.