Littafin Bashin Mai Shayi

Ni ban iya karatun jaridar masu kuɗi ba,
kaskona shi ne jaridata.
Shekara goma sha ɗaya ina hura wuta
a bakin kamfanin roba, nan Oregun,
inda jiniyar canjin aiki ke gaya mini lokaci.

A shekarun ƙoshi, kiret shida na ƙwai
ba ya ganin azahar.
Barau mutumin Gumel, mai tuƙa injin ɗaga kaya,
ƙwai uku yake ci, madara har shayi ya yi fari.
Baba Sikiru sai da sardin.
Uchenna na ofishin lissafi ya sha a tsaye,
ya bar mini canji, ya ce na yara.

Sai dala ta hau reshe ta ƙi saukowa.
Aka fara yanke aikin dare.
Ban ji a rediyo ba, a kasko na gani:
uku ta koma biyu,
biyu ta koma "Tanimu, soya mini albasa kawai."

Wata Litinin aka manna takarda a ƙofa,
suna ɗari biyu da sha huɗu.
Maza suka taru suna bin layi da yatsa
kamar ɗalibai ranar sakamako,
sai dai a nan, wanda ya ga sunansa shi ya faɗi.
Ranar ruwana ya tafasa har ya ƙone,
ba wanda ya ce a zuba.

Na sayi littafi mai shafi arba'in,
ya cika kafin ruwan farko ya sauka.

Barau ya karɓi babur na haya,
masu kame suka raba su a Maryland.
Ya gangara Mile 12 yana dako.
Mutumin da ke ɗaga tan biyu da yatsa ɗaya,
ga shi ƙarƙashin kwandon tumatir,
ruwan ruɓaɓɓe na bin wuyansa.
Uchenna ya naɗe digirinsa a leda
don kada ruwan Ikko ya wanke tawada,
daga Apapa zuwa Ilupeju, daga Ilupeju zuwa tsibiri,
ko'ina amsa ɗaya: za mu kira ka.
Wayarsa ta yi ƙara sau da yawa,
duk masu tallar bashi ne.
Baba Sikiru ya koma Ikorodu kiwon tarwaɗa,
ban sake jin duriyarsa ba.

Bana an ce kasuwa ta farfaɗo.
Gaskiya ne, an yi wa ƙofa sabon fenti,
tireloli sun dawo suna toshe mini iska,
jiniya ta dawo, muryarta a dushe.
Amma jirgin ruwa ya kawo wani inji
mai yin aikin mutum ashirin,
kuma ba ya shan shayi.

Ɗauka ana yi, ta hannun ɗan kwangila,
wata uku-uku, ba hutu, ba asibiti,
a cike takarda ta waya,
kada shekaru su haura talatin.
Barau ya aske furfura ƙwal, ya ari riga, ya shiga layi.
Yaron da ke tantancewa ya kira shi Baba,
cikin ladabi, ya nuna masa hanyar fita.

Uchenna ya samu, rabin albashin da.
Ƙarshen wata ya zo da kuɗi a ninke,
ya biya bashin shekara uku cif.
Kuɗin da dā zai ɗauko mini kiret huɗu,
yau ɗaya ma sai da ciko.
Na ja layi a kan sunansa, na yi masa addu'a.

Shafin Barau na nan a buɗe.
Kullum da asuba yana ƙarshen benci,
bayansa ga ƙofar, kunnensa ga jiniya.
Yau na fasa masa biyu, na ƙara madara.
Ya dubi littafin, ya dube ni.
Na ce biro ya ƙafe.