Usur a Kan Ƙusa

Ni mai walda ne a bakin tashar Yauri.
Sau tara ina liƙe zoben kwandon nan
da yaran Koci Labbo ke lilo a jikinsa,
kuɗin biyun ƙarshe har yau ban gan su ba.

Yanzu gwiwa ta ajiye Labbo.
Ya rataye usur a ƙusar turken gabas,
ya ce, “Ku ba wanda kuka ga dama,”
ya hau bayan babur ɗin ɗansa, bai waiwayo ba.

To, wa za a ba?
Kwamiti ya zauna a gindin dogon-yaro,
lemo ya ƙare, shayi ya huce,
magana ba ta ƙare ba.

Sakatare ya ce a ɗauko na Kaduna,
mai takardu cike da jaka.
Ma'aji ya tambayi nawa zai ci a wata.
Aka faɗa. Ya sosa ƙeya, bai sake tofawa ba.

Sai wani ya ce, “Ga Arzika fa.”
Aka yi dariya, irin wadda ake yi
in an ce inuwa ta shige gaba mutum ya bi ta.
Shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar jarka,
yana hura ƙwallo da famfon keke,
yana rubuta maki da alli a bango.
Wai bakin da ya saba da “To, Koci,”
ba zai iya furta “A'a” ba.

Akwai ƙamshin gaskiya, ba na ɓoyewa.
“Yaya” yaran ke ce masa,
su ci bashinsa, su ari takalminsa,
Nomau ya makara, a shafa kansa a wuce.
Ƙarfen tokare daban, ginshiƙi daban;
na sha ganin wanda ya riƙe rumfa daga gefe,
da aka tsai da shi a tsakiya bai ga damina ba.

Amma ina Jega ran nan,
a bayan a-kori-kura na bi su.
Alƙalin wasa ya kori Labbo saura minti huɗu,
fili ya ɗauki ihu.
Arzika ya miƙe, allo na rawa a hannunsa,
ya fitar da Cindo, ƙanensa ciki ɗaya,
mai son jifa daga nesa don 'yan kallo,
ya sa wani siririn yaro ɗan Ngaski
wanda ko sunansa Labbo bai riƙe ba.

An cinye mu da maki ɗaya,
kada wani ya gyara muku labarin.
Cindo ya yi wata biyu ba ya haɗa kwano da shi.
Amma je ka ga ɗan Ngaski yau a gindin kwando,
tun sallar layya ba a tsallake kansa ba.

Arzika ya san wanda azumi ke kayarwa,
da wanda hagunsa ba ta da ido,
da wanda tsawa ke kashe wa jiki.
Na Kaduna zai koya, ban musa ba,
sai dai gasa ba za ta jira shi ba.

Sun tambaye ni, wataƙila don ina bin su bashi.
Na ce ba a sanin ƙarfe da ido,
sai an sa shi wuta, an aza masa nauyi.
Ku ba shi shekara guda.
Ni dai ban taɓa yar da ƙarfe
don ya lanƙwashe sau ɗaya ba.

Jiya bayan asuba na bi ta filin,
masunta na gangarawa kogi da komarsu.
Na same shi yana shara shi kaɗai.
Ya zo daidai turken gabas, ya tsaya,
ya ciro usur, ya cire masa yanar gizo,
ya mayar a ƙusa.
Na yi gyaran murya.
“Ina kwana, Baba Anaruwa.”
Na ce, “Busa mana.”
Ya yi murmushi, ya ce, “Ai ba a ce ba.”

Wannan fa shi ne abin da nake tsoro,
shi ne kuma ya sa ban fid da rai ba.